Manhajar firinta ce ko ɓarawo? Yadda ake tantance abin da ke aiki a bayan fage a kwamfuta

Kwamfutar mai shagon buga takardu a Ƙofar Kaura ko kusa da Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ba ta rasa na'urori huɗu ko biyar a jikinta: firinta, sikana, na'urar ɗaukar hoton yatsa, modem, wani lokaci da kyamara. Kusan kowace ɗaya tana zuwa da 'yar manhajarta mai tashi tare da Windows, ta koma gefe ta yi shiru tana jiran aiki. Ita ke sanar da kai tawada ta kusa ƙarewa, ita ke sa maɓallin jikin sikana ya amsa. Ranar da kwamfuta ta fara nauyi, fanka na ta ƙugi, data na zurarewa kamar ruwa a kwando, sai a buɗe Task Manager, tagar da ke jera manhajojin da ke aiki, a ci karo da sunaye irin su SynTPEnh.exe, RtkAudUService64.exe da DPMService.exe. Wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa har sauti ya ɗauke, firinta ta yi gum. Wani kuma ya ƙyale su duka, har da ɓarawon da ya saje a cikinsu.

Suna ba ya wanke fayil. Duk wanda ya iya danna F2 zai iya raɗa wa fayil sunan da ya ga dama, kuma masu rubuta manhajar ɓarna sun san ba a cika taɓa abin da ke ɗauke da sunan firinta ko na sauti ba. Kama da wane ba wane ba ne. Abin da za ka nema shi ne shaidu su yi daidai da juna: inda fayil ɗin yake zaune, wanda ya sa masa hannu, na'urar da yake cewa yana yi wa hidima, da abin da yake aikatawa idan ba a kallonsa. Bayanin nan na Windows 10 da 11 ne.

Fara da mazauninsa

Danna Ctrl, Shift da Esc a tare don buɗe Task Manager. Idan 'yar ƙaramar taga ce ta fito, danna More details. Nemo manhajar da ba ka yarda da ita ba, ka danna mata maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Open file location. Foldar da ta buɗe ita ce gidan fayil ɗin. Kafin ka ci gaba, shiga View a saman foldar ka kunna File name extensions da Hidden items, don kada wani abu mai suna direba.pdf.exe ya yi maka shigar takarda.

Manhajar kirki tana zama a inda sai mai izinin shugaban kwamfuta (administrator) ke iya rubutu, wato C:\Program Files, ko C:\Program Files (x86), ko cikin C:\Windows\System32. Ta Logitech G HUB, lghub_agent.exe, tana C:\Program Files\LGHUB. Ta Dell Peripheral Manager tana ƙarƙashin foldar Dell a Program Files. Masu kula da firintocin Epson, masu sunaye marasa kan gado da ke farawa da E_, kan zauna a C:\Windows\System32\spool\drivers. Sababbin direbobi (manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da na'ura) na sauti da na faifan taɓawa na laptop kan fito daga C:\Windows\System32\DriverStore\FileRepository, cikin folda mai dogon suna da lambobi barkatai. Munin sunan ba laifi ba ne, haka Windows ke jera su.

Wuraren da ke sa a ɗaga gira su ne AppData\Roaming, AppData\Local\Temp, C:\Users\Public, Downloads, da duk wata folda a filashi. Kowace manhaja tana iya rubutu a waɗannan wurare ba tare da neman izini ba, shi ya sa ɓarayi ke son su. Ga mai amfani da tsohon modem na Huawei akwai togaciya: HWDeviceService64.exe na gaske yana zama a C:\ProgramData\DatacardService. Don haka ganin abu a ProgramData dalili ne na ƙara bincike, bai kai hukunci ba.

Wasu kuma na Windows ne kanta, ba na kamfanin na'ura ba: spoolsv.exe mai jera ayyukan firinta, WUDFHost.exe da dasHost.exe masu hulɗa da na'urori, da svchost.exe. Waɗannan gidansu System32. Ka ga spoolsv.exe a AppData, ko ka ga an rubuta spoolsvc, ko scvhost da aka musanya wa haruffa biyu, to babu sauran tababa. Karanta sunan harafi-harafi, domin ƙaramin L da babban I kusan kamarsu ɗaya a allo.

Sa hannun kamfani

A kan fayil ɗin, danna dama, ka shiga Properties. Shafin Details zai nuna sunan kamfani da lambar siga, amma kada ka dogara da shi, rubutu ne da kowa zai iya cikewa da hannunsa. Shafin da ke da nauyi shi ne Digital Signatures. Zaɓi sunan da ke ciki, danna Details, ka ga ko an rubuta This digital signature is OK. Wannan jimla tana nufin abu biyu: mai wannan suna ne ya sa hannu, kuma ko harafi ɗaya ba a canza a fayil ɗin ba tun daga lokacin.

Sai ka dubi sunan da kyau. Logitech Inc, Realtek Semiconductor Corp., Synaptics Incorporated, HP Inc., SEIKO EPSON CORPORATION, ko Microsoft Windows Hardware Compatibility Publisher ga direbobin da Microsoft ta gwada. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ga sa hannu lafiyayye a yi hamdala, ba a lura cewa fayil ɗin na cewa shi na Canon ne amma mai sa hannun wani kamfani ne da ba a taɓa jin sunansa ba. Takardar sa hannu saye ake yi, ɓarayi ma suna yin rajistar kamfanin bogi su saya. Dole sunan mai sa hannu ya dace da sunan da ke jikin na'urar.

Idan takardar ta nuna wa'adinta ya wuce, ba matsala ba ce matuƙar akwai hatimin lokaci da ke nuna an sa hannun tun tana aiki. Direban firinta na 2012 zai iya zama lafiyayye har yau.

Akwai kuma inda shafin Digital Signatures ba zai fito ba sam, alhali fayil ɗin na gaske ne. Yawancin fayilolin Windows da direbobi da dama ba a jikinsu aka sa hannu ba, a wani kundi na daban aka yi. A nan PowerShell, tagar rubuta umarni da ke cikin Windows, ke raba gardama. Riƙe Shift, danna dama a kan fayil ɗin, zaɓi Copy as path, sannan ka buɗe PowerShell ka rubuta Get-AuthenticodeSignature, ka bar tazara, ka liƙa hanyar, ka danna Enter. Valid na nufin lafiya. NotSigned na nufin babu sa hannu. HashMismatch ita ce mafi muni, an taɓa fayil ɗin bayan an sa masa hannu, kuma haka ake gani idan ƙwayar cuta mai shiga jikin fayiloli ta kama manhajar gaskiya.

Rashin sa hannu shi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Ƙananan firintocin rasit da sikanonin lambar kaya masu araha sukan zo da manhaja marar sa hannu. Amma babban kamfani irin HP ko Logitech ya fitar da manhaja babu sa hannu, wannan ba a saba gani ba.

Ina na'urar take?

Tambayar da aka fi mantawa da ita ke nan, kuma ita ce mafi sauƙi. Manhajar Razer me take yi a kwamfutar da ba a taɓa soka mata kayan Razer ba? Danna maɓallin Windows da R, rubuta devmgmt.msc. Nemo na'urar, shiga Properties, shafin Details, zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai kama da USB\VID_046D. Haruffa huɗun da ke bayan VID su ne lambar kamfani: 046D na Logitech, 03F0 na HP, 04A9 na Canon, 04B8 na Epson, 04F9 na Brother, 1532 na Razer, 12D1 na Huawei. Wannan na taimakawa musamman da kayan kasuwa da aka manna wa tambarin babban kamfani. Idan linzamin da aka rubuta wa Logitech bai nuna 046D ba, manhajar Logitech ba ta da abin yi da shi.

Kada kuma ka ce tunda ba kai ka saka ba, to ɓarna ce. Windows da kanta tana sauko da wasu da zarar an soka na'ura. Haka Dell Peripheral Manager ke shigowa, haka na Razer, haka LogiLDA.dll da ake gani a jerin masu tashi da kwamfuta. Laptop na hannu, irin EliteBook da Latitude da suka cika shagunan IBB Way, su kuma sukan zo da tarkacen tsohon mai su, har da manhajojin na'urorin da suka rage a ƙasar da aka kwaso su. Irin wannan kwamfuta gara a sake mata Windows tun ranar saye.

Tambayi VirusTotal, amma ka iya karanta amsarta

Shafin VirusTotal, wanda Google ta saya a 2012, yana gwada fayil da injinan riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta kusan 70 a lokaci guda. Ba sai ka ɗora fayil ɗin ba, wanda hakan ya fi wa mai lissafin data sauƙi. A PowerShell rubuta Get-FileHash da hanyar fayil ɗin. Za ta ba ka jerin haruffa da lambobi 64, wato zanen yatsan wannan fayil. Kwafe su ka liƙa a wurin bincike na shafin.

Idan injina ɗaya ko biyu ne suka yi ƙorafi, da sunaye na gama-gari irin Generic ko Heur, fayil ɗin kuma na da sa hannu mai kyau, an daɗe da saninsa, yawanci ƙarar banza ce. Idan goma ko fiye suka taru a kansa, har da Microsoft, Kaspersky, ESET ko Bitdefender, magana ta ƙare. Sifili kuma ba takardar wanki ba ce. Shiga shafin Details na sakamakon ka duba ranar da aka fara kawo fayil ɗin. Manhajar babban kamfani da miliyoyin mutane ke amfani da ita ba za ta zama baƙuwa a VirusTotal ba. Idan shafin ya ce bai taɓa ganin wannan zanen yatsa ba, alhali fayil ɗin na iƙirarin shi na Realtek ne na shekarun baya, wannan kansa shaida ce.

Kada ka taɓa ɗora takardun kwastoma a can. Abin da aka ɗora, masu bincike da ke biyan kuɗin shafin suna iya sauke shi.

Halinsa

Manhajar linzami ko ta firinta, idan ba a aiki da na'urar, kusan barci take yi: sifili zuwa kashi 1 ko 2 cikin ɗari na ƙarfin injin. Wadda ta riƙe kashi 30 ko 50 na tsawon mintuna babu dalili, ko dai ta lalace ko dai haƙar kuɗin kirifto ake yi da wutarka. Wasu masu haƙar suna da wayo, suna tsayawa da zarar an buɗe Task Manager. Saurari fanka. Idan tana ƙugi, ka buɗe Task Manager ta yi tsit, ka rufe ta dawo, ka kama bakin zaren.

Don ganin inda take aika saƙo, danna Windows da R, rubuta resmon, shiga shafin Network. Manhajar gaskiya kan leƙa gidan kamfaninta jefi-jefi neman sabuntawa. Wadda ke riƙe da layi a buɗe dare da rana, tana aikawa fiye da yadda take karɓa, akwai abin da take kwasa. A Settings, ɓangaren Network & internet, akwai Data usage da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30. Mai lura da tawada ba shi da hujjar cin gigabait.

Wanda ke son zurfafawa ya sauko da Process Explorer da Autoruns daga shafin Microsoft. Kyauta ne, na rukunin Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006, kuma ba sa buƙatar a girka su. Buɗe Process Explorer da izinin shugaba (Run as administrator), shiga Options, kunna Verify Image Signatures da Check VirusTotal.com. Nan take kowace manhaja mai aiki za ta nuna matsayin sa hannunta da sakamakonta a layi ɗaya. Tana kuma nuna wa ya haifi wa. Ainihin spoolsv.exe da svchost.exe ƙarƙashin services.exe suke fitowa. Manhajar da ke kiran kanta ta firinta amma wscript.exe ko powershell.exe ne ya tashe ta, mai yiwuwa daga filashin wani ta shigo, irin cutar nan mai mayar da foldoji gajerun hanyoyi (shortcut) da ta addabi shagunan buga takardu.

Akwai dabarar da ke tsallake gwajin sa hannu, kuma ya kamata a san ta. Ɓarawo kan ɗauki fayil na gaske mai lafiyayyen sa hannu, ya ajiye shi a AppData ko Public, ya ajiye gurɓataccen fayil mai ƙarshen .dll a gefensa. Idan na gasken ya tashi, sai ya ɗauki na gefen nan a zaton nasa ne. Alamarta: folda mai fayiloli biyu ko uku kacal a wurin da bai dace ba. A Process Explorer zaɓi manhajar ka danna Ctrl da D, za ka ga duk .dll ɗin da ta ɗauko da inda suka fito. Wannan ne dalilin da ya sa aka fara da mazauni kafin sa hannu.

Autoruns kuma na nuna duk ƙofofin da manhaja ke bi ta tashi da kwamfuta, har waɗanda Task Manager ba ya nunawa. Kunna Hide Microsoft Entries don jerin ya ragu. Layi mai ruwan hoda na nufin ba a tabbatar da sa hannu ba, rawaya na nufin fayil ɗin ya ɓace, saura suna. Dubi shafin Scheduled Tasks da kyau. Aikin da aka tsara ya riƙa tashi duk bayan minti 5 ko 10 daga AppData shi ne ke dawo da abin da ka kashe.

Na gaske ne, amma lafiyayye ne?

Tambayoyi biyu ne daban, kuma tarihi ya nuna haka. A 2010 an gano manhajar cajar batir ta Energizer DUO tana buɗe wa baƙi ƙofa a kwamfuta. A shekarar ce kuma Stuxnet ta yi amfani da takardar sa hannun Realtek da aka sace. A Mayun 2017 kamfanin Modzero na Suwizalan ya gano cewa MicTray64.exe, manhajar sauti ta Conexant da ke zuwa a laptop na HP da dama, tana rubuta duk abin da aka danna a madannai cikin C:\Users\Public\MicTray.log. HP ta fitar da gyara, amma tsofaffin EliteBook da ProBook na wancan zamani suna nan a hannun ɗalibai. Mai irin wannan ya leƙa foldar Public, idan fayil ɗin na nan ya goge shi ya sabunta direban sauti. A 2019 aka bayyana cewa an gurɓata manhajar sabuntawa ta ASUS, da sa hannun ASUS na gaske a jikinta. A 2021 an nuna cewa soka linzamin Razer kawai na iya bai wa mutum cikakken iko da kwamfuta ta hanyar manhajar girkawarsa. A 2025 kuma an samu ƙwayoyin cuta a manhajojin da kamfanin firinta na Procolored ke rabawa da kansa.

Abin da wannan ke nufi a aikace: bayan ka tabbatar ta gaske ce, duba lambar sigarta ka gwada da wadda ke shafin kamfanin, ka sabunta. Sannan ka tambayi kanka ko kana buƙatarta. Linzami da madannai na yau da kullum suna aiki ba tare da manhajar kamfani ba, sai dai ka rasa sauya aikin ƙarin maɓallai ko launin fitila. Gwajin ba shi da wuya. Cire alamar da ke gabanta a Autoruns, ko ka kashe ta a shafin Startup na Task Manager, ka sake kunna kwamfuta, ka yi aikin yini guda. Komai na tafiya, bar ta a kashe ko ka cire ta. Wani abu ya tsaya, mayar da alamar. Ɗaya-ɗaya ake yi, don ka san wadda ta jawo. Ka yi hattara da na na'urar hoton yatsa irin DigitalPersona, da na tsofaffin firintocin Canon irin LBP2900, waɗannan na'urar na dogara da su.

Idan ta tabbata ta bogi ce

Cire intanet tukuna. Kada ka tsaya ga End task da goge fayil, zai dawo. Shiga Windows Security, Virus & threat protection, Manage settings, ka gangara zuwa Exclusions. Manhajojin ɓarna da dama suna saka foldarsu a nan don riga-kafi ya riƙa tsallake su. Duk abin da ba kai ka sa ba, cire shi, musamman idan ka ga an keɓe C:\ ɗungurungum. Daga nan shiga Scan options ka zaɓi binciken Microsoft Defender na Offline. Kwamfuta za ta mutu ta tashi, ta yi bincike kafin Windows ta gama farkawa, kimanin minti 15. Tabbatar batir ya cika ko janareta na da mai, kada a ɗauke wuta ana tsaka.

Bayan ta dawo, sake buɗe Autoruns ka ga ko layin ya tafi, ka bincike duk filashin da ya taɓa shiga wannan kwamfuta. Daga wata na'ura daban, kamar wayarka, canza kalmomin sirri na imel, na banki, da na duk shafin rajista da aka shiga a kanta, saboda masu satar nan abin da burauza ta adana suke fara kwashewa. Idan sakamakon ya nuna HashMismatch a fayiloli da yawa, ko abin ya dawo bayan an share, kwashe takardu da hotuna kawai, ban da ko fayil ɗaya mai .exe, ka sake Windows daga tushe.

Wurin sake girka direbobi ne ake komawa gidan jiya. Hanyoyi biyu ne masu aminci: Windows Update, ɓangaren Optional updates, da shafin kamfanin da ka rubuta adireshinsa da hannunka. Sakamakon farko a Google mai alamar Sponsored talla ce, kowa na iya sayen wurin. Ka guji tarin direbobi na filashin mai gyara da ya zaga kwamfutoci ɗari, da manhajojin da ke alkawarin sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya. Mafi haɗari ga masu Epson L3110 da 'yan uwanta shi ne manhajar sake saita ƙidayar soson tawada, wadda ake nema a gigice idan fitilu sun fara walƙiya ga kwastomomi na jira. Kusan duk inda ake samunta a intanet sai an ce ka kashe riga-kafi tukuna. Idan babu makawa, a yi ta a wata tsohuwar kwamfuta da ba ta da intanet, ba a shiga banki ko imel da ita, a soka firintar a can, a gama, a dawo da ita kan ta aiki.